Kamara mai basira da ɓarayin kanti: tambayoyin da ƴan kasuwar Damagaram ke yawan yi min

Aikina saka kamara ne a butik da magaza da gidaje nan cikin garin Zinder, kuma tun da aka fara yaɗa bidiyoyin nan a WhatsApp na kamarar da wai ita da kanta take kama ɓarawo, kusan duk inda na je saka waya sai an tare ni da tambaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nake faɗa wa mutane.

Wai mene ne bambancinta da kamarar da muka saba?

Kamarar da kuka saba ɗauka kawai take yi ta ajiye. Sai an yi satar, Alhaji ya zauna ya yi ta mayar da hoto baya yana neman lokacin da abin ya faru, wani lokacin awa uku yana kallo idonsa ya yi ja bai ga komai ba. Ita kuwa wannan an haɗa ta da ƙirƙirarriyar basira, wato AI, manhaja ce da aka nuna wa hotuna masu ɗimbin yawa har ta koyi rarrabe mutum da mota da akuya, sai ta riƙa duba hoton a daidai lokacin da ake ɗaukarsa, in ta ga abin da aka ce ta lura da shi ta turo saƙo a salula.

Amma iri uku ne, kuma mutane na cakuɗa su. Akwai mai gane cewa mutum ne ya ƙetare wani layi da aka zana mata, misali ƙofar magaza bayan an rufe. Akwai mai lura da motsin hannu, ta ce wannan ya ɗauki abu ya sa a aljihu. Sai ta uku mai gane fuska, ta ce wannan shi ne wanda ya zo watan jiya. Ta farko ita ce a cikin na'urorin Hikvision da Dahua da ake kawowa nan, ta biyu da ta uku yawanci manyan kantunan Turai da Amurka ke biyan kuɗinsu wata-wata.

To ta yaya take sanin mutum sata ya yi?

Ba ta sani ba. Wannan shi ne abin da nake so kowa ya riƙe kafin mu je ko'ina. Abin da take yi shi ne ta bi gaɓoɓin jiki a cikin hoto, kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ta ga hannu ya je kan kanta ya dawo ya shiga cikin riga ko jaka, sai ta yi lissafi ta ce wannan motsin ya yi kama da waɗanda aka nuna min a matsayin sata, ta yanko ɗan gajeren bidiyo na ƴan daƙiƙoƙi ta turo wa mai shago. Haka kamfanin Veesion na Faransa yake aiki, tun 2018 aka kafa shi, kuma su kansu cewa suke mutum ne zai kalli bidiyon ya yanke shawara. Na'urar ba ta san ko mutumin ya riga ya biya ba, ba ta san ko salularsa ce ya mayar aljihu ba, ba ta san ɗan mai shagon ne aka aiko ba. Motsi take gani, niyya kuwa sai Allah.

Ni shagona a Kasuwar Dole yake, kaya na bayana, ni nake miƙa wa mai saye. Za ta amfane ni?

Mai lura da motsin hannu dai a'a Alhaji, kar ka ɓata kuɗinka. An yi ta ne don kantin da mai saye ke shiga da kwando ya zaga tsakanin layuka ya ɗauki abu da kansa sannan ya zo kes ya biya. Irin waɗannan a Zinder ba su da yawa, wasu alimantasiyo ne da ƴan manyan kantuna. Mu cinikinmu daban ne, mutum zai ɗauki atamfa ya warware ya kara a jiki ya miƙa wa ƙawarsa ta taɓa, wani ya sa turare a aljihu yana cewa rubuta min sai Alhamis, yaro ya zo ya ɗauki sukari ya ce Hajiya ce ta aiko a sa a littafi. Duk wannan a idon na'ura sata ce. Ranar kasuwa kuwa da mutane suka cika rumfa kafaɗa na gugar kafaɗa, ko hannun wa ne ba za ta iya rabewa ba.

Wadda za ta yi maka aiki ita ce ta dare. Ka zana mata layi a bakin ƙofa da bayan shago, ka ce daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba duk mutumin da ya ƙetare a buga min. Tsofaffin kamarori ko leda iska ta kaɗa sai sun yi ƙara, har mutum ya gaji ya kashe saƙon gaba ɗaya, to sababbin nan suna tace yawancin wannan, kyanwa ta wuce su yi shiru, mutum ya tsaya da ƙarfe a hannu su yi magana. Nan kam na ga amfaninta da idona.

Ana cewa tana kuskure. Da gaske ne ko ƴan baƙin ciki ne ke faɗa?

Da gaske ne, kuma kuskuren ya fi faɗawa kan masu irin fatarmu. A 2019 hukumar auna ma'aunai ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189 daga masu ƙera su 99, ta samu cewa da yawansu sun fi haɗa fuskokin mutane biyu daban su ce mutum ɗaya ne idan baƙar fata ne ko ƴan Asiya, wasu ninki 10 wasu har ninki 100 in aka gwada da Turawa, kuma ƴan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Kafin nan a 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada wasu manhajoji na manyan kamfanoni kan bambance mace da namiji kawai, kuskure kan mata baƙaƙe ya kai kashi 34 cikin 100 a wata manhajar, kan maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba. An gyara abubuwa da dama tun daga lokacin, amma ku tuna waɗancan gwaje-gwajen yawanci da hotuna masu kyau aka yi su, ba da kamarar da ke maƙale a kusurwar rufin kwano da ƙwan lantarki ɗaya ba.

Kuma ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. Kamfanin sayar da magunguna na Rite Aid a Amurka ya yi amfani da gane fuska daga 2012 zuwa 2020, ma'aikata suka riƙa bin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, ana caje su ana korarsu a gaban jama'a, har da yarinya ƴar shekara 11, a watan Disamba 2023 hukumar kasuwanci ta FTC ta hana shi amfani da wannan fasaha tsawon shekara 5. A Ingila ma a 2024 an fitar da wata mata daga wani kanti an ce ɓarauniya ce bisa saƙon manhajar Facewatch, daga baya kamfanin ya amsa cewa kuskure aka yi. Can an amsa mata kuskuren a takarda. A nan fa, wa zai mayar wa matar aure mutuncinta bayan duk layin kasuwa ya ji an kira ta ɓarauniya?

Mata masu dogon hijabi da niƙabi fa, da masu rawani?

Gane fuska yana ƙara yin kuskure in fuskar a rufe take, ko niƙabi ko rawanin da ya rufe baki ko takunkumin da masu kabu-kabu ke sawa saboda ƙura. Mai lura da motsi kuwa dogon hijabi ruɗa ta yake, domin hannu da jaka duk a ƙarƙashinsa suke, mace za ta sa hannu ciki ta ciro kuɗi ko ta gyara goyo sai saƙo ya shigo. Babbar riga ma haka. Manhajojin nan ba da tufafinmu aka koyar da su ba.

Abin da ke damuna shi ne kar mai shago ya ga saƙo yana yawan zuwa kan masu hijabi ya fara yi musu kallon zargi. Iyayenmu ne da ƙannenmu, kuma su ne rabin cinikinka. Laifin na'urar ne ba nasu ba.

Shi ke nan saƙo ya shigo salulata cewa wani ya sa abu a aljihu. Me zan yi?

Nan ne maganar take, don Allah a karanta da kyau.

Na farko kar ka yi ihu. Kowa ya san abin da kalmar ɓarawo take jawowa a kasuwa, kafin ka rufe baki mutane sun taru, wanda bai san me aka sata ba ma shi ne zai fara duka, kuma in aka fara ba kai ke da ikon tsayarwa ba ko da kai ne mai kayan. Ana rasa rai a kan abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. To ka ɗauka saƙon nan kuskure ne, ka ɗauka yaron salularsa ya mayar aljihu, me za ka gaya wa uwarsa? Na'ura ce ta ce? Wallahi ba ta ɗauke maka alhaki.

Ka buɗe bidiyon ka kalla sau biyu, ka ga abin da aka ɗauka da idonka, ka duba kan kanta ka ga ko gurbin abin babu. In ka tabbatar, ka bari ya zo kes tukuna, mai yiwuwa zai ciro ya biya, mutane da yawa hannunsu ne ya cika. In ya nufi ƙofa sai ka matsa kusa da shi ka yi ƙasa da murya, Malam kamar akwai abin da aka manta ba a lissafa ba. Sau da yawa nan take ƙarewa, ya ajiye ya tafi da kunyarsa kai kuma kayanka sun dawo. In mace ce kar namiji ya taɓa ta ko ya ce zai caje ta, a samu babbar mace ta yi mata magana a gefe. In ƙaramin yaro ne a nemi iyayensa ko malaminsa. In abin babba ne ko mutumin ya saba, ka kwafe bidiyon a kile ka kai komsariya, aikinsu ne.

Ni yadda nake kwatanta wa mutane, kamar karen gida take, zai yi haushi in ɓarawo ya hauro, zai yi haushi in baƙonka ya yi dare, ba wanda ke fitowa ya sari mutum don kare ya yi haushi, sai ya haska tocila ya ga ko wane ne.

Ni ba baƙi nake tsoro ba, yaran shagona nake zargi.

Da yawa masu kirana wannan ce ainihin damuwarsu sai dai ba sa faɗa da farko. Kamara ɗaya a saman kes tana kallon aljihun tebur da hannun mai karɓar kuɗi ta fi guda huɗu da ke kallon masu saye. A Amurka Walmart ta saka manhajar kamfanin Everseen a wuraren biyan kuɗi don ta gano kayan da aka wuce da su ba a shigar ba, amma wannan sai shagon da kowane kaya ke da lamba ana shigar da shi a ordinatar. In ba ka ƙirga kayanka, ba ka san kwali nawa ya shigo nawa ya fita ba, to babu basirar da za ta gaya maka an ɗebe. Fara da littafi da ƙirgar ƙarshen mako.

Sannan ka gaya wa yaran akwai kamara, kar ka ɓoye, kuma kar ka saka a inda suke canza kaya ko kewaye ko inda suke kwana. Wata magana kuma da ba a so a ji, yaron da ke tsaye daga safe har dare yana ƙirga maka miliyoyi, ka duba abin da kake ba shi a wata.

Kuran ɗinmu da ba ya zama fa?

Ɓarawo ma ya san lokacin da kamfanin wuta na NIGELEC ke ɗaukewa. Mun ga yadda aka sha duhu bayan Najeriya ta katse wutar da take ba mu a watan Agusta 2023, don haka kamara ba batir kwalliya ce kawai. Lissafin ba wuya, kowace kamara tana cin wat 5 zuwa 10, in ka haɗa guda huɗu da akwatin ajiyar hoto za ka samu wajen wat 50 zuwa 60, a dare mai awa 12 kana buƙatar abin da ya kai wat-awa 700, sai a nemi batir da panno daidai da haka har da ɗan rara. Ƙaramin ondilar na ordinatar mintoci kawai yake riƙewa.

Zafi da ƙura su ma abokan gaba ne. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa, akwatin da aka kulle a durowa ba iska sai diski ya mutu. Lokacin hunturu kuwa ƙura ke kwanciya kan gilashin, da dare fitilar kamarar ta haske ƙurar hoton ya yi fari fat, ga yanar gizo-gizo da ke sa ta yi ta ƙarar banza. Tsumma mai laushi sau ɗaya a mako, shi ke nan.

Dole sai da intanet?

Ɗauka da ajiyewa da gane mutum a bakin layi duk a cikin akwatin ake yi, ba sa buƙatar rezo. Turo saƙo a salula ne ke buƙata, kuma ba ya cin forfe sosai in ba ka zauna kana kallon shago kai tsaye dare da rana ba. Kamara ɗaya mai matsakaicin hoto na iya cika jiga 20 a yini, huɗu su ci 80, diski mai tera 1, wato jiga 1000, bai fi ya riƙe kwana 12 ba sai ya fara goge na baya. To in an yi sata kar a jira mako biyu kafin a zo a kwafe.

Doka ta yarda in saka?

Saka kamara a shagonka don tsaro ba laifi ba ne, amma hoton mutum bayaninsa ne kuma Nijar na da dokar kare bayanan mutane, an fara yin ta a 2017 aka sabunta a Disamba 2022, akwai kuma hukumar HAPDP a Yamai mai kula da wannan. Abubuwan da suka shafi jikin mutum kamar zanen yatsa da taswirar fuska doka ta fi tsanantawa a kansu, don haka duk mai son tara fuskokin mutane a na'ura ya tuntuɓi hukumar kafin ya fara. Ko a Faransa inda aka ƙera Veesion hukumar kare bayanai ta CNIL ta ce tsarin bai dace da doka ba, kamfanin ya kai ƙara kotun ƙoli ta harkokin mulki a 2024 yana neman a dakatar da matakin bai samu ba.

Mafi ƙarancin abin da za ka yi, ka liƙa sanarwa a ƙofa da Hausa da Faransanci cewa akwai kamara, kuma kar ka juya ta tana leƙa gidan maƙwabci. A unguwanni irin su Birni da Zongo inda gidaje ke manne da juna, kamarar da aka ɗaga sama kaɗan sai ta hango tsakar gidan mutane da matansu, wannan kam ba na sakawa ko nawa za a biya ni.

In na samu hoton ɓarawon zan iya sa shi a Facebook ko gurup na ƴan kasuwa?

Ban ba ka shawara ba. In ka saki hoto ba ya dawowa, kuma hoton kamara da dare kowa kama yake da kowa, sai a je a tare wani bawan Allah a tasha don ya yi kama da shi. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019 da ke hukunta ɓata suna ta waya, a 2024 ma an mayar da hukuncin ɗauri a kai. Kana mai kaya ka koma wanda ake tuhuma. Kai wa hukuma.

A addinance babu matsala?

Wannan malamai za a tambaya. Abin da kowa ya sani dai tsare dukiya halal ne, kuma aya ta 12 cikin suratul Hujurat ta hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane, sannan hujja a kan mai ƙara take. Saƙon na'ura zato ne, bai zama hujja ba sai ka gani ka tabbatar.

In na saka zan iya sallamar mai gadi?

Kar ka yi. Saƙo ya shigo ƙarfe uku na dare kana barci a Sabon Gari shago na kasuwa, ko salular na caji a wani ɗaki, kafin ka tashi ka nemi babur an gama kwashewa. Gara a haɗa saƙon da salular mai gadin shi ma, ko a sa jiniya da fitila su kama da kansu. Ƴan layi ɗaya kuma za su iya haɗa kuɗi su saka kamara biyu a bakin layin da batir ɗaya, ya fi kowa ya sayi tasa mai araha da za ta mutu kafin damina.

Me zan tambayi mai sakawa kafin in ba shi kuɗi?

Ka ce ya gwada maka a shagonka, ba bidiyon talla a salularsa ba. Ya zana layin, ka sa yaronka ya ƙetare da rana, ya sake ƙetarewa da dare bayan an kashe fitila, ka ga ko saƙon ya zo kuma bayan daƙiƙa nawa. Ka tambaya ko akwai kuɗin wata-wata, domin wasu sai an saka sannan ka ji. Ka tambaya hoton a ina yake zama, cikin akwatinka ko a wata ƙasa. In ya ce maka tasa ba ta kuskure ko tana gane ɓarawo tun daga fuska kafin ya yi sata, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani.

Sai maganar kod. Yawancin masu shago ba su san lambar sirrin na'urarsu ba, mai sakawa ne kaɗai ya sani, wani ma 12345 ya bari, kuma shagonka na nan a buɗe cikin salularsa yana ganin inda kake ajiye kuɗi da lokacin da kake rufewa. Ranar da aka gama aiki ka sa ya tsaya a gabanka ka canza kod ɗin da hannunka, asusun ya zama da lambar wayarka, ya cire shagon daga tasa wayar kana kallo. Akwatin ajiyar kuma kar a ɗora shi kan tebur kusa da ekaran inda kowa ke gani, ɓarayin yanzu shi suke fara ɗauka su tafi da shi, a ɓoye shi sama a wurin da iska ke shiga, a sa katin ajiya a cikin kamarar ƙofa ko da an ɗauke akwatin a samu abin kai wa komsariya.